Wa Ya Karya Cokalin?

Malam mai fili,

Ina sanar da kai da masu karatu, cikin alhini, cewa cokalin gidanmu ya karye. Ya karye jiya, ya karye shekaranjiya, kuma da na tsoma shi a ruwa gobe zai sake karyewa. Kada ka yi dariya tukuna, taimako nake nema.

Shekara ashirin da bakwai na yi ina koyar da kimiyya a sakandare. Yara sun sha barci a ajina, amma ina da ɗaliba ɗaya da ba ta taɓa yi mini hamma ba, wato mai ɗakina. Tela ce. Tana kan keke sai ta jefo tambaya: me ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa ga ta da tauri kamar dutse, me ya sa albasa ke sa hawaye, me ya sa baƙin yadi ya fi fari ɗaukar zafi. Ni kuwa in gyara zama in yi ta zuba, tana ɗinki tana cewa to, to. 'Ya'yanmu har suna suka sa mini, wai Ƙarin Bayani.

Shekara biyu ke nan tana fama da ciwon mantuwa. Keken na lulluɓe da tsohon zane. Wani lokaci da sunan yayanta da ya rasu take kirana. Tambayoyin duk sun tafi, saura ɗaya. Kullum da safe in na dama mata magani a kofin gilashi, sai ta zuba wa cokalin ido ta tambaye ni wa ya karya shi. In ce ba kowa, haske ne ke lanƙwasa in ya fito daga ruwa ya shiga iska, ido kuwa ya ɗauka a miƙe ya zo. Har zane na yi mata a bayan kwalin maganin, da kibiyoyi. Ta kalli zanen, ta kalle ni, ta rantse ba ita ba ce.

Babbar 'yarmu ta ce in kawo kofin roba a huta. Na ƙi, na ce ba zan ɓoye wa uwarta gaskiyar halitta ba. Ƙarya na yi. Tambayar nan ita kaɗai ta rage da take yi mini kamar da.

Ranar Litinin na daka mata tsawa. Na ce na faɗa mata sau ɗari, har da buga tebur kamar ina aji. Tun ranar ba ta sake tambaya ba. Sai ta kalli kofin ta ɓoye hannuwanta a mayafi, maganin ma da ƙyar take sha. 'Yar ta ji labari, ta ce ƙarshen mako za ta zo ta tafi da ita gidanta, wai Baba ya gaji. In bari a tafi da ita? Ko in koyi ƙarya da tsufana, in ce ni na karya shi?

Tsohon malami

Amsa:

Malam, sannu da ɗawainiya. Bayaninka daidai ne, hasken ba zai kai ƙararka ba. Sai dai ba darasi take nema ba. Mace ce da ta ga kayan gidanta ya lalace, ba ta tuna abin da hannunta ya yi ɗazu, tana tsoron ita ce. Kibiyoyi ba sa wanke mutum daga laifi.

Ba sai ka yi ƙarya ba. Rabin sana'arka ka manta, wato gwaji. Ciro cokalin, ka goge, ka sa mata a hannu ta shafa shi daga baki har mariƙi. Ka ce lafiyarsa lau, ba ta yi komai ba. Gobe ka sake. In ka ga kofin ya fi firgita ta fiye da sa ta magana, ka sauya shi. Tambayar da kake riƙo da ita kai take faranta wa, ita tsorata ta take yi. Wannan ɗacin sai dai ka haɗiye.

'Yarka ma da gaskiyarta, kada ka tare ta da gardama. Amma sauya wa mai irin wannan ciwo ɗaki yana iya ƙara rikita ta, don haka ku je wurin likitanta tare kafin a ɗaure kaya. Ka roƙi 'yar ta riƙa karɓarka kwana biyu a mako a nan gida, kai ka fita ka sha iska. Ka kuma ba matarka haƙuri, ko ta manta tsawar, tsoron bai sake ta ba. Ba na yi maka alkawarin za ta sake tambaya.

Allah ya ba ta sauƙi, ya ƙara maka juriya. Karatun farko na ɗauke ka mai taurin kai da ya fifita darasi a kan matarsa, har na rubuta maka amsa mai zafi. Na yaga ta. Gajiya ce da kewa, ni ne na yi kuskure.