Fil Bakwai a Bakina

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, ranar da muka yi waya kika ce muryata ta canza, na ce miki mura ce. Ƙarya na yi. Wata uku ke nan in na goge baki sai na tofar da jini, kuma haƙorana biyu na gaba sun fara girgiza. Ina kan keken ɗinki harshena na kansu, na kasa barinsu su huta.

Jiya dai na daure na je wurin likitar haƙori. Ina buɗe baki ta tambaye ni ko ɗinki nake yi, alhali ban gaya mata ba. Wai ga gurbin da fil ya ci a bakin haƙorin, ga inda nake tsinke zare. Da ta tambayi abin da nake ci, kunya ta kama ni: minti tun safe, lemon kwalba biyu, abinci kuwa sai yamma in na tuna. Sai ta ba ni madubi ta nuna min haƙoran ciki, duk sun siɗe. Ta ce tauna su nake yi ban sani ba, kuma mai yin haka akwai abin da ke cin ransa. Na ce ba komai. Ta dai kalle ni.

Mako shida ta ba ni. In dasashin bai kama ba, cire biyun za ta yi. Yaya, Inna nake tunawa, yadda ta koma cin abinci ita kaɗai a ɗaki don kada a ga bakinta. Ni shekarata arba'in da ɗaya. Tsoro nake ji, wallahi.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta.

Yayata,

Na ga wasiƙarki, na gode da addu'a. Ina fatan kuna lafiya. Kin ce tun ina ƙarama in na ce ba komai, to lallai akwai komai. Ke dai ba a iya miki.

An sallami Baban yara daga kamfani wata huɗu da suka wuce, kuma har yau bai gaya min ba. Matar abokin aikinsa ce ta yi min jaje ina gwada mata riga, ta ɗauka na sani. Kullum zai goge rigarsa, ya ɗauki kular abinci, ya fita ƙarfe bakwai, ya dawo biyar yana cewa aiki ya yi yawa. Rannan na fita sayen zare na hango shi a kan benci kusa da tasha, ya ba titi baya yana cin abincin da na zuba masa. Na canza hanya.

Kin san shi da gudun abin kunya. Tsorona shi ne in na tambaye shi ya karye a gabana, ban san yadda zan tashe shi ba. Don haka da na ji motsin ƙofa ƙarfe biyar sai in cika bakina da fil, in duƙufa kan kalmasa, in amsa masa da kai. Wa zai ga laifin mai fil a baki don ba ta yi magana ba?

Likita ta hana ni. Na daina minti, ina gogewa safe da yamma, har na ɗinka 'yar matashiyar fil na ɗaura a hannu. Amma biyar na yi, sai in ji su a bakina. Muƙamuƙina ciwo yake kamar na wuni ina tauna ƙashi. Saura mako uku, kuma haƙorin hagun ya fi da girgiza. Kada ki gaya wa kowa, don Allah.

Taki, Auta.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. A gurguje nake rubutu.

Ranar Litinin ta makon jiya ya shigo, na yi yadda na saba. Maimakon ya wuce ciki, sai ya tsaya a kaina ya tara tafin hannunsa a ƙasan haɓata, yadda ake wa yaron da ya sa tsakuwa a baki. Na zuba masa su. Bakwai ne, duk da jini.

Ashe ya daɗe da sanin na sani. Ya ce ƙarar haƙorana cikin barci ce ta gaya masa, don ban taɓa yin ta ba sai makon da matar nan ta zo. Shi ma jira yake in tambaya, ni kuma ina jira ya faɗa. Bai karye ba, Yaya. Ni ce na yi ta kuka, shi yana lallashi. Haushin kaina nake ji har yanzu.

Jiya muka koma asibiti tare. Na daman ya kama, jinin ya ragu. Na hagun kuwa ta ce ya yi nisa, da wata biyu baya na zo da an cece shi. Ranar Alhamis za a cire. Ta ce za a sa min wani in wurin ya warke, amma ba na iya haɗiye abinci in na tuna.

Baban yara ya dage sai mun je gidan hoto gobe Laraba, wai zai tsaya bayan mai hoton ya yi ta ba ni dariya. Zan aiko miki da guda. Ki duba na hagun da kyau, ki ajiye min.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta.