Yayana ya koya wa Mama danna tallana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya dame ni, na rasa yadda zan yi.

Ni 'yar Fagge ce, kakanninmu daga ƙasar Yarbawa suka zo, Babanmu yana da shagon leshi da ashoke a wajen Bata. Tun da na gama makaranta nake zaman shagon tare da yayana, shi kuwa bai taɓa son ganina a wurin ba, a nasa tunanin ya riga ya gaji shagon tun Baba yana da ransa.

Da kasuwa ta yi sanyi sai na kawo shawarar mu gwada talla a intanet, irin wanda idan mutum ya rubuta abin da yake nema a shafin bincike, naka ne zai fito masa a sama. Ba a cajinka don an gani, sai an danna, kowace dannawa a ciri wani abu daga kuɗin da ka zuba, idan na ranar ya ƙare tallan ya ɓace sai gobe. Na sha karatu a kai, na zaɓi kalmomina, irin su "ashoken amarya a Kano". Da ƙyar Baba ya yarda, ya ce ya ba ni zuwa Babbar Sallah, in bai ga baƙuwar fuska a shago ta dalilin wayar nan ba, in koma gida in bar wa maza kasuwa. Yayana yana zaune na yi bayanin, har ya tambaye ni, wai kenan ko mutum bai sayi ɗankwali ba, da ya taɓa an cire? Na ce masa e. Ni sakarya har daɗi na ji, wai ya fara sha'awar abin.

Da farko alhamdulillahi, wata mai haɗa lefe ta kira daga Zariya. Daga nan komai ya rikice. Kafin mu buɗe shago kuɗin ranar ya ƙare, dannawa rututu, kira ko ɗaya babu. Na taƙaita tallan ga 'yan Kano kaɗai, abin ya ƙara muni.

A wani suna a Sabon Gari asiri ya tonu. Gwaggona ta jawo ni gefe tana murmushi, ta ce in gaya wa Mama ba ta taɓa fashi ba, tana idar da sallar asuba take danna mini kafin ma ta ɗora ruwan shayi. Ashe yayana ne ya zaunar da Mama ya koya mata abin da za ta rubuta da inda za ta taɓa, ya ce mata kamar ƙuri'a ne, yawan dannawa shi ke ɗaga shago. Ya kuma ce kar a gaya mini, taimakon ɓoye ya fi lada. Mama ta tura saƙon murya wa dangi da matan da suke zuwa asalatu, wato taron addu'a, tare, tana roƙonsu su taimaki 'yarta.

Da na tare yayana dariya ya yi, ya ce ai mutane nake nema, to ga su ya tara mini. Ya ce in na isa in kai ƙara wurin Baba, mu ga muryar wa za a ji a saƙon. Ya san abin da yake faɗa, Baba ba ya yafe wa Mama sa baki a harkar shago, a gaban kowa zai wanke ta tas. Na tsani abin da ya yi mini, amma abin da ya fi ƙona mini rai da hannun uwarmu ya yi shi.

Na dakatar da tallan. Yau da safe Mama ta shigo ɗakina hankali a tashe, wai mata suna ta kiranta sun duba ba su ga shagona ba, ko wani ne ya yi mini baƙin ciki? Na ce mata netwok ne.

Sallah ta matso jama'a. In na yi shiru Baba zai sallame ni daga shagon. In na yi magana Mama ce za ta sha kunya, ta kuma san ɗanta ya mayar da ita abin wasa. Ku da kuke da iyaye mata, da wane baki zan ce mata ita ce ta rufe mini shago?