Shafukan da Aka Liƙe Mana da Ƙaro

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Kula da Makarantarmu ta 'Yan Mata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ranka ya daɗe, ba lalle ka tuna ni ba. Ni ce Binta, 'yar wani ƙauye kusa da Bakori, wadda ka tambaya sunanta ranar da ka kewaya aji biyar, ta sunkuyar da kai ta kasa amsawa. Har yanzu bakina da nauyi, shi ya sa na rubuta.

1. A farkon shekararmu ta ƙarshe, da aka raba littafin ilimin halittu, mun tarar an liƙe shafukan babi guda da ƙaro, wato babin da ke bayanin yadda ɗan tayi ke girma a mahaifa. Aka ce umarnin kwamitinka ne, wai karanta shi zai cire mana kunya. Aka kuma hana malamarmu, Malama Abike, koyar da shi. Amma masu shirya jarrabawar fita ba su liƙe nasu ba. Ni kuwa in ban ci ilimin halittu da kyau ba, ba za a ɗauke ni ajin share fagen karatun likita ba, sai in koma gida tsinkar auduga.

2. Da ladabi nake faɗa, mu 'ya'yan manoma ne. Na taimaki akuyarmu haihuwa tun ban iya ɗaura zane ba. A makarantar allo ma malam ya karantar da mu cewa mataki-mataki ake halittar mutum a ciki, bai kuwa kife allon ba. Ban ga kunyar da ta ragu a jikina ba.

3. Malama Abike, haifaffiyar Funtua, 'yar masu shagon atamfa, ba ta saɓa maka ba. Ba ta ɓamɓare shafi ko ɗaya ba. Cewa ta yi kwamiti bai yi magana kan kaji ba, ta nemi wadda za ta kawo mana kaza. Da aka dawo hutu, na taho da kazar Innata a kwando, na rungume ta a bayan motar auduga, fasinjoji na tambayata ko ita ma an biya mata kuɗin makaranta. Inna kuma ta ce kazarta ta riga ta shiga boko. Muka yi mata akurki bayan ɗakin gwaji, ta kwanta kan ƙwai, mu kuma lokaci-lokaci mu zare ɗaya mu fasa a hankali cikin ruwan ɗumi mai gishiri. Na farko ba komai sai ɗan farin tabo bisa gwaiduwa. Wani ya zo baragurbi, uwar ɗakin kwananmu ta rantse sai ta yanka kazar ta huta da wari. A ƙwan da ya biyo baya, da na sa ido a madubin ƙara girma, na ga jijiyoyi jajaye sun bazu kamar saiwar gero, a tsakiyarsu wani ɗigo yana harbawa. Zuciya ce, ranka ya daɗe, tun babu fuka-fuki, babu baki. Ni da ba a jin muryata a aji, sai da na yi salati da ƙarfi har 'yan aji huɗu suka leƙo ta taga. Daga nan Malama ta nuna mana yadda ƙwayar halitta ɗaya ke rabuwa biyu, biyu su zama huɗu, har a samu fata da ƙashi da jini.

4. Tambaya kan yadda ɗan tayi ke girma ta fito a jarrabawa. Na zana abin da idona ya gani. Sakamako ya zo, na ci da daraja mafi girma, kuma an ba ni gurbin da nake nema. Babana da bai taɓa shiga aji ba ya yanka rago, ya ce a kai wa Malama cinya.

Amma ita Malama, abin da ta samu daga ofishinka gargaɗi ne, wai ta kewaye doka.

Don haka ina roƙo a janye gargaɗin nan. Ina kuma roƙo a bar 'yan ajin da ke bayanmu su karanta littafinsu cikakke, domin ba kowace yarinya ce za ta dace da malama irin tamu ba. Kai da kanka ka faɗa mana a taro cewa matan ƙauyukan Dandume da Malumfashi suna mutuwa a gida wajen naƙuda saboda ba sa yarda likita namiji ya duba su. Likita macen da za ta duba su, a irin ajin nan za ta fara, kuma ba za ta iya ceton abin da aka hana ta sani ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raya zuriyarka. In Allah ya cika mini buri, duk ranar da ka kawo wata daga cikin iyalinka asibiti, ina fata ni za ka tarar, kuma ranar zan iya faɗa maka sunana.

Wassalam.

Taka 'ya mai biyayya,
Binta Mamman