Waya Ta Ɗora wa Jikata Laifin Ciwon Kaina

Anti mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta har ƙarshe ko da na yi ta kewaye-kewaye. Kwanakin nan ko zama wuri ɗaya ba na iyawa, balle tsara magana.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne, na ba hamsin baya da jimawa. Ciwon ɓarin kai kuwa tun ina saurayi muke tare. In zai zo, sai in fara ganin walƙiya a gefen ido, rabin abin da ke gabana ya ɓace, daga nan ɓarin dama ya ɗauki sara, ga tashin zuciya, ga haske ba na son ko kallonsa. Na saba. In ja ƙofar shago, in kwanta bayan kanta, in rufe fuska da ƙyalle har ya gaji ya tafi. Tun rasuwar mai ɗakina ba mai yi mini faɗa a kansa sai babbar 'yata, kuma ita ce ta tasa ni gaba har ƙaramin asibitin unguwarmu.

Likitar wata matashiya ce mai kirki, sai dai layin da ke bakin ƙofarta ba ya barin ta numfasa. Ta tambaye ni sau nawa yake zuwa a wata, na ce yana dai zuwa. Ta tambayi ƙwaya nawa nake sha, na ce gwargwado. Ta yi dariya ta ce ba a rubuta magani da gwargwado. Sai ta sa mini wata manhaja a waya, ta ce in riƙa shigar da ranar da ya zo, da ƙarfinsa, da abin da na sha, in mun dawo ta duba ta ga ko ina bukatar maganin rigakafi na kullum.

To Anti, wanda ya ƙirƙiro abin nan ban jin ya taɓa ciwon kai. Kaina na tsagewa, waya na ƙara tana haska mini ido, wai in zaɓi lamba daga ɗaya zuwa goma. Kife ta nake yi. In ciwon ya sake ni kuma, wa ke son tuna shi? Aiki ya taru, teloli sun tsaya mini a ka, sai in ce gobe.

Yanzu ga inda maganar take. 'Yar tawa tana koyarwa, kuma Talata da Alhamis tana kaiwa yamma a makaranta. A waɗannan ranakun take kawo mini 'yarta, jikata, mai shekara huɗu. Manaja muke ce mata, don ita ke iko da shagon. Tana da kujerarta, tana da gwangwanin tsofaffin kwarkwaron zaren keke da take jerawa, kuma duk telan da ya shigo sai ta tambaye shi me ya yi wa kekensa. Ta ce ni mijinta ne amma na tsufa, za ta sake ni ta auri mai sayar da alawa. In uwarta ta zo ɗaukar ta da yamma, takan karɓi wayata ta tambaye ni yadda kan ya wuni, ta shigar. Ranakun da ba ta zo ba, ba mai shigar da komai.

Da muka koma asibiti, likita ta buɗe jadawalin da ke cikin manhajar. Ja, alamar ciwo, a Talata, ja a Alhamis, sauran duk fari tas. Ta tambaya me ke faruwa a waɗannan ranakun. Kafin in buɗe baki an leƙo ana kiran ta, ta ce mu lura da abin da ke tayar da shi mu dawo wata mai zuwa. Na dubi 'yata, na ga fuskarta ta sauya.

Gaskiya ba zan ɓoye ba, tana da abin tunawa. Wata Alhamis ta zo ta tarar da ƙofa a rufe, ni kwance a ƙasa cikin duhu, Manaja zaune a ƙirjina tana auna mini kai da tef ɗin awo, wai ita ce likita. Almakashi da allurai suna kan tebur, hannunta na iya kaiwa. A ranar dariya muka yi. Bayan jadawalin nan dariyar ta ƙare. Satin da ya biyo ta kai yarinyar gidan reno, ta ce in huta.

Hutu! In Talata ta yi, sai in tsinci kaina a bakin ƙofa ina leƙen titi. In koma in kwance keken da na riga na gyara, in sake ɗaurawa. In share shago, in zauna, in tashi. Rannan ƙafata ta kai ni har bakin gidan renon, na tsaya ina jin hayaniyarsu ta bayan katanga kamar ɓarawo, na juyo. Kujerarta na ɗauke na kai ciki, na kasa, na dawo da ita.

Abin da ya fi ci mini rai, tunda uwarta ba ta zuwa da yamma, ba a ƙara shigar da komai ba. Jadawali ya yi fari fat. Ta duba ranar da ta leƙo gaishe ni, ta ce ai ga shi nan, tun da ta daina kawo yarinyar na warke. Alhali satin da ya wuce ma ya kayar da ni ba sau ɗaya ba. Na faɗa mata, ta ɗauka dabara ce irin ta tsofaffi. Kin ga tarkon da na faɗa? In na ce na warke, an tabbatar Manaja ce ciwon. In na cika shi da ja, za ta ce mara lafiya ba ya reno. Ranar komawa asibiti ta matso. In bar shi fari in lallaɓa, ko in goge manhajar in ce waya ta lalace? Ina jin haushin wayar, ina jin haushin 'yata, kuma na san ba mugunta take yi ba.

Mijin Manaja da aka saka

*

Baba mijin Manaja, sannu da jiki, sannu kuma da kewa, don na ga ta fi ciwon kan damun ka.

Kada ka goge manhajar, kada kuma ka bar ta fari. Duka biyun ƙarya ce za ka kai wa likita, kuma kai za ta cutar. In ta ga fari za ta ɗauka abin ya lafa, ta sallame ka ba tare da maganin da wataƙila zai rage maka kwanciya bayan kanta ba.

Waya ba ta ɗora wa jikarka laifi ba. Abin da aka ba ta shi ta nuna. Ranar da ba a rubuta komai ba, ba ranar lafiya ba ce, rana ce da ba a tambaye ka ba. Jadawalin nan bai nuna ranakun ciwonka ba, ya nuna ranakun da 'yarka ta riƙe wayar. Wannan ita ce maganar farko da za ka faɗa wa likita da zarar ka zauna, kafin a leƙo a kira ta. In da hali ka tafi da 'yarka ta ji da kunnenta.

Amma bari in ja kunnenka, da girmanka. Kai da ba ka yarda tela ya ce maka keke dai yana ƙara ba tare da ya nuna inda yake yi ba, kai ne ka je wa likita da gwargwado. Daga yau ka shigar kullum, har ranar da kake garau, don ranakun lafiya su ne ke ba na ciwo ma'ana. Ba sai kana cikin azaba ba. Ka zaɓi lokaci ɗaya, misali in za ka rufe shago, ka rage hasken wayar ka danna. In ya kayar da kai, washegari ka cike. In wayar ta gagare ka, ka yi alama a kalandar bango, ka ɗauke ta ka kai asibiti. Ka rubuta kowace ƙwayar kashe ciwo da ka haɗiya, don yawan shan ta kan iya ƙara jawo ciwon. In kuma ya zo da sabon salo, ko ya faɗo farat ɗaya da ƙarfin da ba ka saba ba, ko hannu ya mutu, ko magana ta karkace, ba zancen manhaja ba ne, asibiti za a kai ka nan take.

Mai yiwuwa ne bayan an cike gaskiya a ga Talata da Alhamis suna da ɗan hannu. Kada gabanka ya faɗi. Sai a duba ko a ranakun nan kana tsallake abincin rana ne, ko mantawa da ruwa, saboda hidimar Manaja. Waɗannan gyara su ake yi, ba korar yaro ba.

Yanzu ɓangaren 'yarka. Ba jadawali ne ya tsorata ta ba, abin da ta gani ne a ranar Alhamis ɗin nan: uba a kwance, 'ya kusa da almakashi. Ta yi dariya a gabanka, amma ina tabbatar maka ta tafi da abin a ranta. Tana tsoron ta rasa lafiyarka, tana tsoron abin da zai sami 'yarta, kuma tana jin ita ce ta ɗora maka nauyi. Musu ba zai kwantar mata da hankali ba, shiri ne zai yi. Ciwonka yana yi maka sallama kafin ya shigo, wannan babbar dama ce. Ka samu maƙwabcin shago ko maƙwabciya da 'yarka ta yarda da su, ku yi magana cewa da ka ga walƙiyar nan za ka miƙa yarinyar ka kira uwarta. Kayan kaifi su koma sama, cikin akwati mai murfi. Ka nemi a fara da yini ɗaya, ko ma ranar hutu uwar na zaune.

Saura abu ɗaya. Ka gaya mini ka tsaya a bayan katangar gidan reno, ni da ban taɓa ganin ka ba. 'Yarka fa, ka gaya mata? Ina zargin abin da take ji daga bakinka kawai shi ne waya ta yi ƙarya. Ita tana can tana ganin ta sauke maka kaya ne. Ka kira ta yau, ka ajiye zancen ja da fari, ka ce mata ciwon yana nan kuma za ka bi shi yadda likita ta ce, amma rashin yarinyar ya fi shi zafi.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya zuciyar 'yarka, ya sa Manaja ta yi haƙuri ta mayar da aurenku kafin mai alawa ya riga ka.