Toskana na tafi, ana ce mini Alhaji

Malam, ka taimake ni don Allah, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni mutumin Jega ne, kuku nike yi wa wani Bature mai sayen fatu. Bara da zai tafi hutu ya tafi da ni cikin jirgin ruwa har ƙasar Italiya, wani yanki da ake kira Toskana. Wata biyu muna yawo. Mun ga Siyena da ganuwarta, mun ga wata hasumiya da ta karkace tun zamanin kakanninsu ba ta faɗi ba. Sauran kwanakin cikin gonakin inabi munka yi su, maigida na ɗanɗana giya gida gida, ni ina biye da kwandon abinci. Wallahi ban sha ba. Inabin dai na ci, da yawa.

Da na komo, ashe Inna ta gaya wa kowa Makka na tafi, don ita ba ta san wani wuri da ake ƙetare teku a je ba. Anka tarbe ni da guɗa, anka yanka rago. Kunya ta hana ni magana. In na ba da labarin manyan gine-ginen farin dutse sai tsofaffi su yi ta salati. Man zaitun da na zo da shi har daga Maiyama ake zuwa shafawa.

Yanzu Kawu Gado na Aliero ya ce in an ɗebe albasa zai sayar da shanunsa in yi masa jagora zuwa Makka, tunda na san hanya. Yaya zan yi?

Mai neman mafita, Jega

Ɗan'uwa, inabin da ba a matse ba halal ne, wannan kada ya dame ka. Ganin ƙasa ma ba laifi ba ne. Inna ta yi kuskure ne cikin ƙauna, amma kai ka ci ragon kana sane.

Ka je Aliero kafin ranar kasuwa, ka gaya wa kawunka gaskiya ku biyu, tun shanun suna turke. Daga nan ka zauna da Inna, kada ta ji a bakin wani. Za a yi maka dariya a Jega, wataƙila har damina, sa'an nan a manta.

In kawu bai fasa ba, ku bi ayarin mahajjatan da suka san hanyar Makka ta Barno da gaske. Jagora dai ba ka isa ba, amma kowane ayari yana son mai girki. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓa.