Kwanon Egya da Fim ɗin Akuya Kashi na Biyu

Anti Bentsiwa,

Ina roƙon ki taimake ni, domin na rasa wanda zan kai wa wannan magana ba tare da ya yi mini dariya ko ya yi mini wa'azi ba. Na yi wa mahaifiyata ƙarya ranar Kirsimeti, ina kallon idonta, ina cikin hankalina, ba wanda ya tilasta mini.

Shekaruna sun haura hamsin. Ina koyar da lissafi a nan Sekondi, kuma ni ke jagorantar ajin mata na nazarin Littafi Mai Tsarki a cocinmu. Ranar da aka karɓe ni cikakkiyar 'yar coci, ina budurwa, na yi wa Ubangiji alwashi cewa ƙarya ba za ta fita daga bakina ba, babba ko ƙarama. Alwashin ya raba ni da ƙawaye da dama, ban kuwa taɓa nadama ba.

Mahaifiyata, Maame Aba, mantuwar tsufa ta kama ta. Mahaifinmu, Egya Kwamena, ya rasu shekara uku ke nan, amma zancen bai zauna a kanta ba. Takan tambaye ni ina ya shiga, ni kuma in zauna kusa da ita in gaya mata gaskiya. Kowane karo sai ta ɗora hannu a ka, ta yi kuka irin na ranar farko, tana tambayar dalilin da ya sa aka ɓoye mata. Ƙanena Fiifi ya sha yi mini faɗa. "Haba Yaya, sai kin binne mata miji kowace safiya kafin ta sha koko? Ki ce ya tafi bakin teku mana, wa zai kai ki kotu?" Amsata ɗaya ce kullum: ba da shi na yi alkawari ba.

Muna da wata al'ada a gidanmu. Ranar Kirsimeti, bayan an taso daga sujada, kafin a zuba fufu, mukan kalli wani tsohon fim na barkwanci da aka yi da harshenmu. Shi kaɗai nake kallo a shekara. Labarin wani tsoho ne marowaci da ya yini yana ciniki kafin ya sayi akuyar Kirsimeti, ramammiya, ita kuma ta tsinke igiya da safiyar yanka, iyalinsa kaf suka bi ta cikin gari da kayan zuwa coci a jikinsu. Mai Akuya muke kiran tsohon. Egya ma haka yake da ciniki, shi ya sa Maame takan dungure shi ta ce, "Ga ka nan, Kwamena, har tafiyar taka ce," shi kuma ya ce sharri masu fim suka yi masa.

A Kirsimetin da ta wuce Fiifi ya zo da kashi na biyu, wanda aka yi bayan shekaru masu yawa. Zan faɗi abin da na gani bisa adalci. Na farkon aikin talauci ne: hoton yana rawa, murya tana ɓacewa, wani wuri har zakaran maƙwabta ya fi 'yan wasan amo. Amma dariyarsa daga yunwa ta fito. Kowa ya san idan akuyar nan ta ɓace, gidan nan ba su da nama sai baɗi, saboda haka kana dariya kana taya su gudu. Na biyun ya fi kyan gani nesa ba kusa ba. 'Ya'yan sun girma, sun dawo daga ƙasar waje, gidan ya zama bene, akuyar ma ta yi ƙiba. Da ta tsinke, ban ji komai ba, domin na ga suna da halin sayen goma. An maimaita faɗawa cikin kwata, an maimaita shigar akuya coci, an ƙara ihu inda da shiru ke ba da dariya. Na zauna ina lissafa kurakuransa kamar ina duba jarrabawa.

Abu ɗaya ne ban shirya masa ba. Wanda ya fito a Mai Akuya ya rasu, masu fim ɗin kuwa ba su sa wani a gurbinsa ba. Hotonsa suka rataya a bango, suka bar kujerarsa babu kowa. Maame ta ƙura wa hoton ido, sannan ta juyo ta ce, "'Yar nan, ina babanku? A kira shi mana, an sa fim ɗinsa."

A waje masu wasan rufe fuska na bikin Kirsimeti suna wucewa da badujala. Fiifi ya sunkuyar da kai, yana jiran abin da ya saba ji. Na dubi Maame cikin farin leshinta na coci, fuskarta cike da murna, sai na ji bakina ya ce, "Ya tafi sayen akuya, Maame."

Ta tuntsire da dariya har da tafawa. "Wannan marowacin? To sai sabuwar shekara! Ku rufe masa nasa abincin."

Na rufe, Anti. Na ɗauko tsohon kwanonsa, na sa fufu, na zuba miya, na zaɓo hanta yadda ake yi wa maigida, na kife faranti a kai. Ni da na yi shekaru ina gargaɗin matan ajina kan ajiye wa matattu abinci. Kafin yamma Fiifi ya lallaɓa ya cinye. Da Maame ta ga kwanon wayam, ta ce, "Kun gani? Ya shigo ya ci, ko gaisuwa babu." Ranar ta ci abinci sosai, ta rera waƙoƙin yabo har baiti na ƙarshe. Tun rasuwar Egya ban ga ta wuni haka ba. Abin da ya fi damuna shi ne ni ma na ji daɗi.

Tambayoyina ke nan. Shin tausayi ne ya sa ni, ko gajiya da kukanta? Na bincika zuciyata, na tarar da duka biyun. Shin shekara ukun da na yi ina gaya mata gaskiya don Ubangiji na yi, ko don kada farin sunana ya yi tabo? Kuma idan na ɓoye kashi na biyu, na riƙa sa mata na farko inda tsohon ke da rai, ba wata ƙaryar ba ce da hannu maimakon baki?

Lahadin farko ta shekara, ranar sabunta alkawari a cocinmu, na miƙe tare da jama'a na maimaita alwashina da niyya ɗaya. Washegari da safe ina ɗaura mata ɗankwali ta tambaye ni ko Egya ya dawo. Na ce mata har yanzu yana ciniki. Ban cika alwashina ba.

Taki,
'Yar Maame, Sekondi

*

'Yar Maame,

Na karanta wasiƙarki da natsuwa, kuma ba zan yi miki dariya ba, ba zan yi miki wa'azi ba.

Na ga fina-finan biyu, hukuncinki kuwa daidai ne: na farko ya fi ban dariya, don akwai abin da za a rasa. Amma ki ba na biyun makinsa guda. Bai musanta cewa tsohon ya tafi ba, bai kuma hana iyalin dariya a gaban hotonsa ba. Wannan darasin naku ne, ke da Fiifi. Maame kuwa na farko ne nata. Ki sa mata shi duk lokacin da ta so. Zaɓar abin da mara lafiya zai iya ɗauka ba ƙarya ba ce, jinya ce.

Kina da gaskiya da kike tsoron ƙarya. Tana da sauƙin sabo, kuma gidan da ke da mutum ɗaya da ba ya yin ta ya yi dace. Fiifi ma yana da gaskiya. Ana gaya wa mutum labarin mutuwa ne don ya yi makoki ya samu haƙuri. Maame an gaya mata, ta yi kukanta, ta raka mijinta. Ciwon ya ƙwace mata haƙurin, ya bar mata zafin kawai. Haƙƙinta na sani kin riga kin sauke shi tun shekara uku.

Akwai hanya tsakanin taki da ta ƙanenki. Idan ta tambaya, ki ce, "Ba ya nan, Maame. Kina kewarsa? Ba ni labarin cinikinsa." Babu ƙarya a ciki, kuma yawanci abin da take nema ke nan, a kawo mata shi cikin hira. Idan wata rana ta tambaye ki kai tsaye ko ya mutu, ki riƙe hannunta ki gaya mata a hankali. Idan kuma ta matsa har akuyar ta sake fita daga bakinki, ki kai wa Ubangiji a addu'arki yadda abin yake, tausayi da gajiya duka. Gajiyar ba zunubi ba ce, alama ce ta cewa Fiifi ya kamata ya karɓi wasu safiyoyin. Ki kai Maame wurin likita, ki kuma zauna da fastonku kan alwashin, wanda budurwa ta ɗauka ba ta san wannan rana za ta zo ba.

Batun kwano kuwa, ki kwantar da hankalinki. Ba mamaci kika ciyar ba. Tsohuwa mai rai kika rufe wa shi, ƙato mai rai ya cinye.

Kirsimeti mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, ki sa kashi na farko, ki zaɓo hantar, ki kife farantin, ki zauna kusa da mahaifiyarki. Idan akuya ta tsinke ta yi dariya, ki taya ta, kada ki lissafa komai.

Allah ya ba Maame sauƙi, ya ba ki hutu.

Anti Bentsiwa