Ruwa Ya Sauka a Kona, Ba Ka Rubuta Ba

Zuwa ga Malam, Baban Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Shekaru na yi a gidan rediyo ina faɗa wa sababbin ma'aikata kada su rubuta layi ɗaya sai sun san wanda zai saurare shi, yau ga ni ina rubuta wa wanda ba zai karanta ba. Ina zaune a rumfarka, ordinatarka da kake rubutu da ita na kan ɗan teburin nan mai gajeriyar ƙafa, har yanzu da guntun kwalin da ka tokare shi da shi.

Gida lafiya. Nana ta koma Damagaram wurin karatu, ni na matsa mata ta tafi. Jar akuyar ta haifi biyu, ɗaya bai yi rai ba. Katangar bayan madafa ta zube, wanka, Yaya Mamman, ya kawo magina sun tayar. Takaba ta yi nisa. Ina ci, ina barci, ina salla a kan lokaci. Mata suna shigowa su zauna suna kallon fuskata, na san kuka suke jira, ni ma jiransa nake. Suna cewa ina da tawakkali, ba na musa musu. Abin da nake ji ya fi kama da ƙafar da aka daɗe zaune a kanta: kana taɓa ta, ka san taka ce, shi ke nan.

Maganar bulog ɗinka na intanet ce ta sa na zauna rubutu.

Ka tuna kafin mu tafi Maraɗi a yi maka aiki, ka yi kwanaki kana rubutu ba ɗagowa. Na ce ka huta, ka ce likita ya faɗa maka jinyar za ta ja, kuma tun da ka buɗe shafin Alhamis ba ta taɓa wucewa babu sabon abu ba. Ka jera rubuce-rubucen, ka sa wa kowanne ranar da zai fito da kansa. Daga nan muka tafi, na dawo ni kaɗai.

Alhamis ta farko bayan an kai ka, gida cike da masu gaisuwa, salular Nana ta yi ƙara. Sabon rubutu ne daga gare ka, a kan yadda dillalai suke duba haƙoran jaki a kasuwar Mayahi. Ta karanta ta miƙo mini. Na karanta har ƙarshe. Na lura ka manta waƙafi a wuri biyu. Iyakar abin da ya zo mini ke nan a ranar, Malam.

Da labarin ya kai kunnen Yaya Mamman, ya tsaya daga bakin zaure ya ce a rufe abin nan. Ya ce yaushe mutum zai kwanta a kabari yana ba duniya labarin jakuna, mutane za su ce ba mu san abin da ya kamata ba. Ya ƙara da cewa dama tun kana raye bai ga amfanin mutum mai aikin gwamnati ya zauna yana ƙirga wa baƙi itatuwan gawo ba. Na ce masa zan duba. Ban rufe ba. Kowace Alhamis nakan gama aikin safe in zauna in jira, rubutun ya fito, in karanta, in tashi in ɗora tukunya.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun shekarar da 'yan siyasa suka so mai da ƙasan shafin wurin zage-zage, ka tsara cewa duk abin da mai karatu ya rubuta sai ka amince kafin ya bayyana. Saboda haka ta'aziyyar da aka yi ta aikowa ta taru a ciki tana jiran hannunka. Ban sake ta ba. Saƙon mutum ɗaya kawai nake bari ya fito, na Ɗan Kona.

Ba ka taɓa ganinsa ba, ni ma haka. Abin da muka sani shi ne tsoho ne a Kumasi, ya bar Kona yana saurayi, iyayensa sun rasu, waɗanda suka san shi a garin sun ƙare. Ba shi da wanda zai kira shi ya gaya masa ka rasu. Shekara nawa kuka yi kuna gardama a kan gawon da ke bakin tsohuwar rijiya? Kai ka ce ɗaya ne, shi ya ce biyu ne, a ƙarƙashin na biyun aka yi masa aski. Yakan kira ka ɗan birnin Tasawa da bai san daji ba, kai kana kiransa baƙon Kona. Nakan ji dariyarka daga ɗaki, in san ya rubuto. Bayan rasuwarka ya ci gaba da rubutowa a ƙarƙashin kowane rubutu. Ya ce dillalan jakin sun ruɗe ka. Ya ce shirun da ka yi alama ce ka yarda an ka da kai. Ni kuma ina danna amincewa, maganarsa ta fito ita kaɗai a ƙarƙashin taka, shafin ya yi kamar yadda yake a da.

Zaman takaba yana da tsawo, sai na koma rubutunka na farko na fara bi a jere. Ka san ra'ayina a kan shafin, ban ɓoye maka ba. Nakan ce rubutun da babu edita a kansa hira ce kawai. Kai kuma ka sa mini suna mai jan alƙalami, har a cikin shafin haka kake ambatona. Yanzu na karanta duka. Na iske ranar da haƙorin Nana na farko ya fita, ta hana ka jefa shi kan rufi sai ta auna shi da ƙwayar masara. Na manta da wannan sarai. Na iske shekarar da tsutsa ta ci gero a Maijirgi, ka bi gonaki a kan moto kana tambayar tsofaffi abin da suka gani, ba ka ƙara ko kalma ɗaya taka ba. Na iske rasuwar Baba, layi biyar kawai, a kan takalminsa da aka bari a ƙofar masallaci. Rubutunka na farko-farko yana da kumbura, kana son a san ka yi karatu. A hankali ka daina. Na shekarun baya-bayan nan babu abin da jan alƙalamina zai cire. Ya fi nawa kyau. Na daɗe da sanin haka, ina tsammanin akwai lokacin faɗa.

Sau ɗaya na tambaye ka abin da shafin yake biyan ka, ranar da ka ƙona esansin moto zuwa Bawdeta don kawai ka ga yadda suke ɗinka rufin rumbu. Ka ce saboda Alhamis tana zuwa, dole ka riƙa dubawa tun daga Juma'a. Ka ce da ba ka rubutu, da ka yi shekarun nan kana wuce abubuwa a kan hanyar zuwa aiki a buro ba ka gan su ba. Na ɗauka amsar mai neman kare kansa ce. Sai a zaman makoki na ga sauran. Wani malamin lakwal ya zo daga Bawdeta ya ce da rubutunka yake koya wa yara karatun Hausa. Wata mai man gyaɗa ta hau amalanken jaki tun daga Maijirgi, ta ce ɗiyarta ce take karanta mata, kuma kai ne mutum na farko da ya taɓa rubuta yadda aikinsu yake ba tare da ya ji tausayinsu ba. Ta ajiye kwalbar mai ta tafi. Ban san sunanta ba. Ka san akwai irinsu a masu karanta ka, Malam? Ko kai ma ba ka sani ba?

Sai ruwa ya sauka. Ka yi dabara, duk abin da ka jera ba ya da lokaci: rijiya, jaki, sunayen gonaki, yadda ake gyaran igiyar guga. Abu ɗaya ne ba za a iya rubutawa tun kafin ya faru ba. Kowace shekara, ruwan shuka na farko, kai ne kake fita ka tona ƙasa da hannu ka rubuta inda laima ta kai, da garuruwan da suka samu da waɗanda aka tsallake. Bana an yi ruwan ranar Talata, aka fita shuka Laraba. Alhamis shafinka ya fito da bayanin igiyar guga.

Ɗan Kona ya ga hoton ruwan a wani wuri. A ranar bai yi tsokana ba. Ya rubuta: “Malam, ruwa ya sauka a Kona, ba ka rubuta ba. Lafiya dai?”

Ban saki wannan ba, ban kuma amsa ba. Mako ya zagayo ya sake tambaya. Daga baya ya rubuto doguwa. Ya ce 'ya'yansa sun haɗa masa guzuri, bayan kaka zai zo gida karo na farko tun barinsa. Ya ce ba shi da kowa a Kona sai kai, da ba ɗan garin ba. Yana son ka tarbe shi a tashar Tasawa, ka kai shi bakin rijiyar, ya nuna maka kututturen gawo na biyu ka ji kunya a gaban jama'a. A makon nan ne kuma rubutunka na ƙarshe ya fito. Babu wani abu a cikinsa da ya yi kama da ban kwana. Kan tsaron wake daga ƙwari ne, kuma ka ƙare shi da cewa za ka gwada toka bana ka ga.

Sanarwar rasuwa nawa na karanta a rediyo? Na san tsarinta kamar sunana: a fara da innalillahi, sai iyalai, sai sunan mamaci, sai rana da wuri, sai addu'a. Nakan gyara wa mutane tasu a tsaye. Na buɗe shafin na sa hannu a kan haruffa, na zauna har inuwar rumfa ta juya. Ba kuka ya hana ni ba. Na dai san cewa a duniya saura mutum ɗaya da kake raye a wurinsa, kuma ni ce zan gaya masa. Amma tsoho ne zai hau mota kwana da kwanaki don ya iske ka a tasha. Wannan ba zan bari ba.

Na rubuta. Na bi tsarin yadda yake, na ƙara layi biyu: cewa rubuce-rubucen da suka yi ta fitowa ka jera su ne kafin tafiyarka, kuma ni matarka ce na riƙe ta'aziyyar mutane. Daga nan na saki duka. Suka zubo a ƙarƙashi, na yi ta ja ba su ƙare ba.

Ya yi kwanaki bai ce komai ba. Na ɗauka ya yi fushi, kuma da ya yi, yana da gaskiya. Da ya rubuto, ya yi maka addu'a, ya yi mini gaisuwa yana kirana ɗiyata. Ya ce tun ranar igiyar guga jikinsa ya ba shi, ya dai ƙi tambayar kowa sai gidan. Ya ce tafiyar tana nan, sai dai yanzu wuri biyu za a kai shi, bakin rijiya da kabarinka. A ƙarshe ya tambaya ko gero ya fara fitar da kai a Kona, don babu wanda zai gaya masa.

Ni ba na fita. Da Yaya Mamman ya zo duba katanga na karanta masa saƙon daga bayan labule. Ya ce shi wannan tsohon ba shi da aikin yi ne. Washegari na ji tashin motonka, wanda ba a taɓa ba tun tafiyarmu. Da la'asar Yaya Mamman ya dawo ya turo mini salularsa da hotuna, rabinsu yatsansa ya rufe. Ya ce gero ya yi kai a gabas da gari, na yamma yana baya saboda an tsallake su a ruwa na biyu. Ya ce ya je har rijiyar. Akwai kututture, Malam. Ƙasa ta rufe shi, sai da wata tsohuwa ta nuna masa ya share da ƙafa. Ya ce in rubuta daidai yadda ya faɗa, kada in yi masa gyaran 'yan rediyo. Ya kuma ce shi zai je tasha ya tarbi tsohon.

Jiya Alhamis ce. Na sa hoton geron da na kututturen, na rubuta layi huɗu da sunana a ƙasa. Ban san ko zan yi na mako mai zuwa ba. Amma yau da safe, ina shara, na tsaya ina duban inda ruwa ya bi ta gindin sabuwar katanga, har na kama kaina ina neman yadda zan faɗe shi.

An ka da kai a gardamar gawo. Na ga ya kamata ka ji daga bakina.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta, Ya haskaka makwancinka. Sai mun zo.

Matarka,
mai jan alƙalami